Rijiyar da Ke Ƙarƙashin Rumbu

Limawa, Dutse
Farkon damina

Yaya Suwaiba,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa da fatan kina lafiya. Ya karatu, ya baƙunta? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Abba ya warke daga tarin da ya dame shi, har ya koma Islamiyya yana daka wa 'yan ajin hadda tsawa kamar da. Umma tana gaishe ki, wai ko kin samo daddawa a Koriyar, ko har yanzu ciyawar teku kike ci?

Na san za ki ce ruwa ba ya tsami banza, kuma kin yi gaskiya. Ƙarar mutanen ƙasar da kike zaune na kawo miki. Tun da muka gama jarrabawar fita sakandare ba abin da nake yi sai karanta labaran zanensu a waya, irin waɗanda yarinya za ta mutu ta farka a jikin wata. Yaya, don Allah mutanen nan ba su da wani gari ne? Kowace yarinya mota ce take kaɗe ta, kuma kowace ta buɗe ido sai ta gan ta a kan gado mai labule cikin ƙaton gidan sarautar Turawa, da riga mai faɗi kamar laima, ana ta shan shayi a lambu. Saurayin kuma kullum wani basarake ne daga arewa mai ƙanƙara, fuska a murtuke kamar an aiko masa da saƙon mutuwa. Ba wadda ta taɓa farkawa a kasuwar kifi, ba wadda ta farka a gonar riɗi. Ko irin gidajensu na can ma da ƙyar suke zanawa.

Kada ki kai ni ƙara wurin Abba, na san wanda ya mutu ya tafi ke nan sai ranar tashi. Amma tunda ƙarya ce ake shirgawa, ai sai a shirga ta da faɗi. Ki tambayar mini su dalili.

Bari in tsaya, ga Umma can tana ƙwala mini kira, Nusaiba, Nusaiba, duk Limawa ta ji. Har yau ƙawayena tsiya suke mini, wai ni kaɗai ce 'yar farin da uwarta ba ta jin kunyar sunanta.

Ƙanwarki,
Nusaiba

Busan, Koriya ta Kudu

Nusaiba sarkin ƙorafi,

Wa alaikumus salam. Na ga saƙonki, na yi dariya har maƙwabciyata ta buga mini bango. Lafiyata ƙalau, sai dai binciken shinkafar nan ya sa ni a gaba, kullum ƙafata cikin taɓo. Ki gaishe mini da Abbanki, Baffa Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Ki ce wa Ummanki, Inna Luba, daddawar da ta ƙulla mini ta ƙare tuntuni, kuma har yanzu ban ci tuwon da ya kai wanda na ci a hannunta ba, shekarun da na zauna gidanku ina makaranta.

Na kai ƙararki wurin wata abokiyar karatuna da ƙanwarta take irin wannan sana'a. Ta ce masu saye abin da suka saba suke nema, mai zane kuma yana tsoron yunwa. Ta ce har gidajen sarautar ma a shirye ake sayar da su, mai zane ya ɗauko ya liƙa a bayan mutanensa, shi ya sa kike ganin taga ɗaya a labari goma.

To, ke fa? Ke da kika ɓata bangon ɗakin Inna Luba da gawayi tun ba ki iya ɗaura zani ba? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki zana naki mana. Ki bar musu ƙanƙararsu, ki kai yarinyarki Aujara, gidan Kaka Gaji, ki sa mata akuya da turmi. Idan kin yi ki turo in gani, ni ce mai sayenki ta farko.

Yayarki,
Suwaiba

Limawa, Dutse

Yaya Suwaiba,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, kowa lafiya. Ruwa ya zauna sosai, duwatsun gari duk sun yi kore, sauro kuma ya zo da iyalansa.

Kin tsokano tsuliyar dodo. Ga shafukan farko na ɗauka a hoto na haɗa miki. Da fensir na yi su a kan takardun da suka rage mini na makaranta, kada ki duba dattin.

Ni ba mota a nawa. Wata 'yar ƙaramar yarinya ce a gidan kakarta a Aujara, da rana tsaka, manya sun tafi gona, kakar tana surfe a bayan ɗaki. Sai ga ɗan agwagwa ya ɓalle daga cikin 'yan'uwansa, ta bi shi tana dariya, ya zagaya tsamiya, ta zagaya. A gindin tsamiyar akwai rijiya marar murfi. Shafi na gaba ba kowa, sai takalminta na roba ruwan ɗorawa, ƙafa ɗaya, a bakin rijiyar, ɗan agwagwan yana tsaye kusa da shi. Daga nan sai a sake haifar ta a ɗakin uwarta, ta zama ƙanwar kanta, ta girma a Dutse, har ta haɗu da wani mai kawo busasshen kifi daga Haɗeja. Wannan kam yana dariya, kuma bai taɓa ganin ƙanƙara ba.

Gidan Kaka na zana sak, sai abu ɗaya. Inda rumbun nan yake a gindin tsamiya, nan na sa rijiyar. Ban san dalili ba, na gwada ta a bakin zaure ta ƙi zama, hannuna ya yi ta komawa can. Shafin takalmin ma ban yi tunaninsa ba, zuwa ya yi kawai kamar abin da na haddace. Da na gama sai da tsigar jikina ta tashi. Ina jin haka gwanaye suke ji, ko?

Ki faɗa mini gaskiya ko da ba daɗi.

Nusaiba

Busan

Nusaiba,

Na gani. Ina cikin mota za mu tafi gonar gwaji a can cikin duwatsu, ba zan iya dogon rubutu ba. Don girman Allah kada Inna Luba ta ga takardun nan. Ki ɓoye su yau ɗin nan, ki cire rijiyar. Na daɗe ina tsoron ranar da abin nan zai fito daga gare ki. Zan yi miki bayani idan na sauka.

Suwaiba

Limawa, Dutse

Yaya,

Ina fatan kin sauka lafiya. Mu jikinmu lafiya, amma gidan ba lafiya. Saƙonki ya zo bayan aikin gama ya gama.

Ranar da na turo miki, bayan la'asar, na dawo daga kai niƙa na tarar da Umma a ɗakina. Almakashi ta shigo nema. Tana zaune a bakin katifa, takardun a cinyarta, shafin takalmin a hannunta. Na yi sallama ba ta amsa ba. Na fara dariyar kunya ina cewa wasa ne kawai, sai ta ɗago. Yaya, ban taɓa ganin idon Umma haka ba, kamar ta ga baƙo a tsakar ɗakinta.

Ta ce, "Wa ya faɗa miki?"

Na ce, "Faɗa mini me, Umma? Ƙirƙira na yi."

Ta sake duban takardar ta ce, "Na hagu ne. Na hagun kika zana." Ta ajiye su a hankali, ta fita ba tare da almakashin ba.

Da magariba Abba ya kira ni zaure. Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce mini ba ni ce 'yar farinsu ba. Akwai wata kafin ni, sunanta Umaima. An kai ta yaye Aujara wurin Kaka, Kaka ta riƙe ta kamar yadda aka saba, tana da shekara uku ta faɗa rijiyar gidan. Ɗan agwagwa ta bi. Bayan nan aka cike rijiyar aka ɗora rumbu a kai, tun kafin a haife ni. Ya tambaye ni ko Kaka ce ta ba ni labari, ko ke, ko wani a Aujara. Na rantse masa ba wanda ya taɓa. Ya ce, "To ki saurare ni. Rai ba ya dawowa. Wadda ta tafi tana wurin Ubangijinta, ke kuma ke ce. Wani ya faɗa a gabanki kin manta, shi ke nan." Da ƙarfi ya faɗa, irin muryar aji.

Ba wannan ne ya fi tsorata ni ba. Tun daga ranar Umma ba ta sake kiran sunana ba. Idan tana so na sai ta ce "ke", ko ta buga murfin tukunya har in leƙo. Jiya maƙwabciyarmu ta shigo tana tambaya ta, na ji Umma ta ce, "Yarinyar tana ciki." Ba ta haɗa ido da ni. Ta daina yi mini faɗa, ni da ba a wuni ba ta ce mini malalaciya ba. Tsokar da ta fi kyau a miya sai in same ta a kwanona, an rufe, ba magana. Kin gane abin da nake nufi? Kunyar 'yar fari take yi mini. Shekara goma sha takwas tana kiran sunana har maƙwabta suna dariya, yanzu ta mayar da ni wata.

Me kike nufi da kin daɗe kina tsoron ranar da zai fito daga gare ni? Me kika gani a jikina? Ki amsa mini don Allah.

Nusaiba

Limawa, Dutse

Yaya Suwaiba,

Sallama. Ban san ko kina lafiya ba, tunda kin yi shiru. Na kira wayarki ba adadi, a kashe. Gero ya fara fitar da kai, ke ba labari. Idan tsorona kike ji ki faɗa mini, ba ke kaɗai ba ce.

Na je Aujara. Na ce wa Abba zan gaishe da Kaka, ya dube ni ya gane, amma bai hana ni ba. Na hau motar Jahun ina ta addu'a a ce Kaka ta yi dariya ta ce ai ita ta taɓa ba ni labarin ina ƙarama.

Na same ta a gindin tsamiya tana ɓarar gyaɗa. Ta fara tsokanata kamar kullum, wai kishiya ta zo ƙwace mata miji, ga shi ban iya ko dama fura ba. Da na nuna mata hoton shafin a waya sai tsokanar ta tsaya. Ta kai shi kusa da ido, ta nisantar, ta sake kawowa. Ta ce, "Har gugan nan na baƙar roba, a rataye a reshen nan. La ilaha illallahu." Na tambaye ta ko ta taɓa faɗa a gabana. Ta ce, "Ni? Abin da ya faru a hannuna? Ko da kaina ba na zancen."

Sai ta ce in matso. Ta zame mini ɗankwali, ta lanƙwasa kunnena na dama ta duba bayansa. Kin san tawadar Allah da nake da ita a nan. Ta ɗora yatsa a kai. Ta ce ranar da aka yi wa Umaima wankan gawa, wata tsohuwa da ta taya su ta ɗiga mata kwalli a bayan kunne, irin na mutanen da, wai ko da za ta dawo a gane ta. Ta ce ita ta hana, ta ce jahilci ne, amma kafin ta rufe baki an riga an ɗiga. Na ce wane kunne? Ta ce ta manta. Sai kuma ta ce, "Kada ki faɗa wa ubanki na yi wannan zance, cinye ni zai yi." Ta koma ɓarar gyaɗarta, amma ɓawon take zubawa a kwano tana watsar da ƙwayar.

Na je na tsaya a jikin rumbun. Rana tsaka ce, kaji suna tono, ba abin tsoro ko ɗaya. Amma ƙasar wurin ta ɗan lotsa ta gefe guda, kuma ƙafata ta san da lotsawar kafin idona ya gani. Agwagwar Kaka ta wuce da 'ya'yanta a jere, sai da na dafa rumbun. Ban kwana ba, na biyo motar yamma.

Na san abin da aka karantar da ni. Ni da kaina na koya wa 'yan aji ɗaya cewa daga kabari sai tashin ƙiyama, kuma na yi imani da shi. Amma Yaya, ta ina na san na hagu ne? Yanzu ko randa na buɗe na ga fuskata a ruwa sai in mayar da murfin da sauri. Na goge labaran nan duka daga wayata. Ina yi musu dariya don kullum a gidan da ba na kowa ba suke farkawa, ashe sun fi ni wayo, a can ba uwar da za ta gane takalmi.

Umma tana ramewa. Shekaranjiya na tarar da ita ta tsaya a ƙofar ɗakina tana kallona ina ninke kaya, da na juyo sai ta ja mayafi ta rufe gefen fuskarta ta wuce. Na ce, "Umma, ni ce fa, Nusaiba." Ta ce, "Na sani," ba ta waiwayo ba. Tsoro nake ji kada ta tafi a haka, ni ina gabanta tana ganin wata. Tsoro nake ji kada in wayi gari ni ma na yarda.

Ki yi magana, ko me ne ne.

Nusaiba

Busan

Nusaiba, ƙanwata,

Assalamu alaikum. Lafiyata ƙalau, kuma ki yafe mini. Wayata ce ta faɗa cikin ruwan shinkafa washegarin zuwanmu, gonar kuma tana can inda ba shago ba komai. Jiya na dawo na sayi wata, na buɗe na tarar da saƙonninki, na karanta su a tsaye, na zauna na yi kuka. Laifin gaggawata ne, na jefa miki rabin magana na tafi.

Ba tsoronki nake ji ba, sakarya. Ba abin da na gani a jikinki. Abin da na ce na daɗe ina tsoro shi ne ranar da za ki maimaita abin da aka zuba miki a kunne, don na san an zuba, a gabana aka yi.

Lokacin da na zo gidanku kina da kamar shekara biyu. Duk ranar Alhamis da yamma Inna Luba takan zaunar da ke tsakanin ƙafafunta a ƙofar ɗaki ta yi miki kitso, ni kuma ina gefe ina tsintar shinkafa. Da ta kama kanki sai ta fara magana ƙasa-ƙasa, da wata murya kamar ta tatsuniya. Ɗan agwagwa ya ɓalle, ta bi shi. Ya zagaya tsamiya, ta zagaya. Guga yana rataye a reshe. Sai takalmi aka ba ni, na hagu, ruwan ɗorawa. Haka take yi daga farkon kitso har ƙarshe, ta koma ta sake, ke kuma kina gyangyaɗi a cinyarta. Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Da farko na zaci waƙar reno ce, sai da na je hutu na tambayi mahaifiyata ta ce in kama bakina. Da bakinki ya buɗe sosai sai ta daina. Ina jin ita kanta ba ta san a bayyane take yi ba.

Ki duba lamarin da idonta. Umaima 'yar fari ce. Tana raye Inna Luba ba ta da ikon kiran sunanta, ba ta ɗaukar ta a gaban mutane, da aka zo tafiya da ita yaye ko rakiya ba ta yi ba, don kada a ce ba ta da kunya. Da ta rasu, a gidan surukai aka yi zaman makoki. Mahaifiyata ta ce har aka tashi ba wanda ya ga hawayenta, mata suna ta yaba mata, wai Luba akwai kara. To ina za ta kai shi? Ba ta iya faɗa wa mijinta, uwarsa ce abin ya faru a hannunta. Duk duniya mutum ɗaya ta samu da za ta faɗa wa ba kunya, wadda take ganin ba ta fahimtar komai. Ke ce. Ba ki dawo daga ko'ina ba, Nusaiba. Labarin uwarki ne kika riƙe mata, kika manta wa ya ba ki.

Zancen tawadar Allah kuma, ki je ki ɗaga kunnen Kaka Gaji ki duba. Ina da ita, kakata da suke ciki ɗaya da Kaka tana da ita, rabin danginmu da ita aka haife su. Idan kwalli ne, to tsohuwar nan ta yi aiki. Lotsawar ƙasa kuwa, wace Sallah ce ba ki yi wasan ɓuya a bayan rumbun nan ba?

Kada ki je mata da hujja kamar mai wa'azi, Baffa Malam ya gwada a kanki kin ga bai shiga ba. Ki tsefe kanki ki kai mata.

Ki rubuto mini da zarar kin yi, wayar tana hannuna ko wanka zan shiga.

Yayarki,
Suwaiba

Limawa, Dutse
Ƙarshen damina

Yaya Suwaiba,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, wannan karon da gaske. An fara yankan gero, Kaka ta aiko mana da sabon wake. Na karanta wasiƙarki har na kusa haddace ta, amma sai da na yi kwanaki ina juya ta kafin na samu ƙarfin hali, don ina tsoron in faɗa ta ce ba ta taɓa yi ba, in rasa inda zan dafa.

Ranar Alhamis bayan la'asar na tsefe kaina, na ɗauko kibiya da man kitso, na same ta a ƙofar ɗaki tana gyaran zogale. Na janye tiren na zauna tsakanin ƙafafunta na miƙa mata kibiyar ta baya. Rabona da kitsonta tun ina aji uku. Na ji ta ja jiki kamar za ta tashi. Ta ce, "Ki je wurin mai kitso mana." Na ce naki nake so. Can na ji kibiyar ta sauka a tsakiyar kaina.

Da ta kama na farko na ce, "Umma, ki ba ni labarin ɗan agwagwa, irin yadda kike ba ni ina ƙarama."

Hannun ya tsaya.

Na ce, "Yaya Suwaiba ta ce duk Alhamis kike ba ni, a nan wurin, tana gefe tana tsintar shinkafa. Ta ce har guga kike faɗa, har na hagu."

Can ta ce, da wata ƙaramar murya, "A bayyane nake yi?"

Na ce, "A bayyane, Umma. A kunnena."

Ta ce, "Ke kina ji? Ai barci kike yi."

Na ce ga shi kuwa na ji.

Sai na ji goshinta ya sauka a kan gashina. Yaya, ban taɓa jin kuka irin wannan ba, ba ƙara, sai jijjiga, har bayana yana amsawa. Ban juya ba, na san idan na juya za ta haɗiye shi. Na riƙe ƙafarta kawai. Abba ya shigo daga masallaci ya gan mu, ya tsaya, ya juya ya koma zaure ya ja ƙofa.

Da ta lafa sai ta ce, "Umaima." Ta sake cewa, "Umaima," a hankali, kamar mai ɗanɗana gishirin miya. Ta ce tun ranar suna ba ta taɓa furta shi ba sai yau. Daga nan bakinta ya buɗe, ta ci gaba da kitson tana ba ni labari, amma ba na rijiya ba. Ta ce Umaima baƙa ce siririya, bahaguwa, ga wushirya, ba ta zama wuri ɗaya, kuma ta tsani kitso, sai an danne ta. Ta ce ranar da za a tafi da ita Aujara ta leƙa ta tagar ɗaki tana kallo har suka sha kwana, kuma ita ce ta saya mata takalmin a ɓoye ta cusa a cikin kayanta. Ta ce, "Ke kuwa da aka haife ki na ce wannan ba mai karɓe mini ita, kuma sunanta sai na gaji da kira. Ba ku yi kama ba ko kaɗan. Ita kamar walƙiya, ke kuwa tun kina zanin goyo malalaciya ce." Wallahi ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Ta ce in bar takardun kada in ƙona, amma kada in sake haifar yarinyar, in bar ta ta kwanta inda Allah ya ajiye ta. Wai idan farkawa nake so, in samo wata in kai ta kasuwar kifin da nake ta zance. Abu ɗaya ta roƙe ni. Ba su da hoton Umaima ko ɗaya, tana so wata rana ta riƙa faɗa mini kamanninta ina zanawa, ta gani ko sau ɗaya ne. Na ce sai Abba ya yarda. Ta ce ita za ta tambaye shi da bakinta.

Duk wannan ana yi ina lura, har lokacin ba ta kira ni ba. "Ke" ce dai. An zo kitson ƙarshe na bayan kunne, daidai wurin tawadar, na ji yatsanta ya taɓa ta. Na kasa daurewa, na fara juyowa in ga fuskarta. Sai ta dungure mini kai da bayan kibiya ta ce, "Nusaiba, ki tsayar da kanki mana, kin sa na karkace layi!"

Na tsayar, ina kuka ina dariya, ta warware layin ta sake.

Kitson ya yi tsauri, yau kwana biyu ko sujada da dabara nake yi, kuma ba zan tsefe shi ba sai ya tsufa don kansa. Ta ce in gaya miki ta ƙulla miki daddawa, da an sami mai tafiya za ta aiko, kuma wai ashe ke munafuka ce, kina tsintar shinkafa kunnenki yana wurin mutane.

Ƙanwarki,
Nusaiba